Gurguzun Inna da Cinyar Barewa

Mahaifina ya sauka a Amurka da jaka ɗaya da wani tsohon gwangwanin madara da ya naɗe cikin rawaninsa. Har yau ban san yadda ya wuce da gwangwanin nan a filin jirgi ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Sai da muka iso gidana a Springfield, ya yi salla, ya sha ruwa, sannan ya kwance rawanin ya buɗe mini murfin. Gurguzu ne a ciki, wato 'ya'yan yakuwa, bai ma kai rabin gwangwanin ba.

"Na Innarka ne," ya ce. "Shi kaɗai ya rage."

Inna ta rasu shekara guda kafin zuwansa, a ƙauyenmu da ke arewa da Maraɗi. Yakuwarta daban take da ta kowa a garin. Karanta ja ne wur, ganyenta yana da faɗi, tsaminta kuma ba ya kashe haƙori. A wurin kakarta ta gaji irin. Duk damina takan shuka ta a bakin gonar gero, ta yi mana miya da ganyen, ta shanya zoɓon, ta yi daddawar batso da gurguzun, ta ware na shuka ta ɓoye. Shekarar da ta kwanta ciwo ruwa ya ɗauke da wuri, gonar ba ta yi abin kirki ba, matan gidan kuma suka dafe abin da suka tarar a rumbu. Wannan na gwangwanin, a ƙarƙashin gadonta Baba ya tsince shi bayan an yi sadakar arba'in.

Ni na matsa masa ya zo. Na ce ba zan bar shi shi kaɗai yana kallon bango ba. Sai ga shi na kawo shi inda bangon ya fi yawa. Ni ina tuƙa motar kai kaya tun da sassafe, matata tana aikin kula da tsofaffi, 'yarmu tana jami'a, sai ƙarshen mako take leƙowa. Baba ba ya jin Turanci, ba ya son talabijin, sanyin farko kuma ya kusa gamawa da shi. Yakan zauna gaban ƙofar gilashin da ke kallon bayan gida, da carbi a hannu, har azahar ta yi. Na ji tsoro sosai a lokacin, don na ga mutumin da ya taɓa nome gona shi kaɗai yana narkewa a kan kujera.

Da ƙanƙara ta narke, wata rana na dawo aiki na tarar ya ɗauki shebur ɗina ya tayar da ciyawar bayan gida kaf, ya ja kunyoyi miƙe kamar an sa zare. Ciyawar nan na sha wahala kafin ta yi kyau, amma da na ga gumi a goshinsa sai na haɗiye maganata. Ya ce abu ɗaya yake so, yakuwar ta kai ta yi 'ya'ya, ya cika gwangwanin nan, ya ba jikarsa ta ajiye. Shi ke nan burin nasa.

Bayan gidajenmu akwai wani kurmi da rafi a cikinsa, mallakar unguwar ce baki ɗaya. A can barewa suke. Mu dai barewa muke ce musu, ko da yake sun fi namu girma, wata ma ta kai ɗan maraƙi. Ranar da Baba ya fara ganinsu bayan sallar asuba, ya zo ya tashe ni, ya ja ni har gaban gilashi. Uwa ce da 'ya'yanta suna tsaye a bakin kurmin suna kallonmu, ko gezau. Baba maharbi ne a ƙuruciyarsa, kuma rabonsa da ganin barewa a daji tun ina goye. Na ga idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ashe nan kuka taho," ya ce musu a hankali.

Ƙaunar ba ta daɗe ba. Yakuwar tana kai gwiwa suka shigo suka aske ta, suka bar masa kara tsaye. Allah ya sa bai shuka duka ba. Shekara ta biyu muka shiga yaƙi gadan-gadan. Duk abin da wani ya ce yana korarsu mun gwada: sabulu a rataye, gashin da na roƙo a shagon aski, ruwan barkono, gwangwanaye a jikin igiya. Barewar birni ba ta san tsoro ba. Na taɓa ganin ɗaya tana lasar sabulun. Muka kafa dogayen sanduna muka ja raga, sai ga wani mutum daga kwamitin unguwa da murmushinsa, ya ce dokar unguwa ba ta yarda shinge ya wuce ƙugu ba, yana ɓata kyan layi. Shingen da bai wuce ƙugu ba, barewa ko tsalle ba ta yi masa sosai. A shekarar sai da yakuwar ta fara fure sannan suka cinye ta.

A shekara ta uku Baba ya juye duk abin da ya rage a gwangwanin cikin tafin hannunsa. Na ce ya rage ko kaɗan ne. Ya ce iri yana mutuwa in ya tsufa, na bara ma da yawa bai tsiro ba, in aka ƙara jira to babu abin da za a jira. Ya shuka shi duka, ya yi addu'a, ya ɗora gwangwanin a kan taga. Muka yi wa kunyoyin keji na waya mai rufi, gajere yadda kwamiti ba zai yi magana ba, ya kuma mai da kansa mai gadi. Daga sallar asuba har rana ta ɗaga yana zaune da sanda, haka ma daga la'asar zuwa magariba. Yakuwar ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba ko a gida, har ta fi ƙarfin kejin, dole muka cire rufin. Matsalar ita ce a ƙasar nan ba ta yin fure sai rana ta fara gajarta, dab da sanyi. 'Yan makonni ne tsakanin furen da ƙosawar 'ya'yan, kuma a makonnin nan ne barewa suka fi yunwa.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama wata tsohuwar Baturiya ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Ba zan tauye mata haƙƙi ba, mace ce mai kirki. Ita ta fara kawo wa Baba tuwon masara mai zaƙi irin nasu da ya zo, ita ta saƙa masa hular sanyi da hannunta. Sukan tsaya a bakin shinge, ita tana Turanci shi yana Hausa, su daɗe suna hira suna dariya, ban san abin da kowa yake fahimta ba. Ya ba ta ganyen yakuwa ta dafa, ta ce ta ji daɗinsa, ko da yake na san ƙarya take yi don ta faranta masa. Amma ita ce kuma take zuba wa barewa masara da tuffa a bayan gidanta, duk da an ce doka ta hana. Akwai wata uwa mai tsagaggen kunne da ta raɗa wa suna irin na mutane, tana kiranta tana zuwa. Takan ce tun da mijinta ya tafi, barewar nan ce take fara gaishe ta kowace safiya.

A kakar shekarar ne wasu 'yan unguwa suka kawo shawara. Motoci sun sha karo da barewa a kan babban titi, yara sun kamu da ciwon da kaskar barewa ke kawowa, furannin mutane sun ƙare. Suka ce a bar maharba masu lasisi su shigo kurmin da kwari da baka su rage su. Za a yi taro a kaɗa ƙuri'a, gida ɗaya ƙuri'a ɗaya, in an amince a cikin makon maharban za su fara. Na bi gida-gida ina lallashi kamar ɗan takara, ni da ko gaisuwar wasunsu ban taɓa amsawa da kyau ba. Na ga akwai haske. Maƙwabciyar ma ta ce mini jikanta ya sha jinya saboda kaska, don haka ba za ta goyi baya ba, amma ba za ta yi magana ba. Shirunta kuwa ya fi mini ƙuri'u da yawa, domin rabin unguwar ita ta koyar da 'ya'yansu.

A garejin da ake gyara motocinmu akwai wani makanike, ƙaton Bature mai gemu, wanda kullum yake tahowa daga wani ƙauye can yamma bayan duwatsu. Ina jiran ya gama mini birki na ba shi labarin. Ya yi dariya har sai da ya ajiye sifana.

"Ba za ku ci ba," ya ce. "Mutanen da kuke zaune da su ba su taɓa shuka abin da za su ci ba. A wurinsu barewa ado ce. A wurinmu ita ce mai cinye masara, kuma ita ce naman da ke kai mu ƙarshen sanyi. A gundumarmu ɗan takarar da ya ce zai rage kwanakin farauta, ko matarsa ba za ta zaɓe shi ba. A taku kuwa wanda ya ce a harbi barewa ya gama siyasa. Kuma ku kuka fi mu yawa, saboda haka ku kuke yi mana doka a kan dajin da ba ku taɓa takawa ba."

Na ce masa ni ma ɗan ƙauye ne, kada ya haɗa ni da su. Ya dube ni sama da ƙasa, da rigar aikina da wayata, ya ce ƙuri'ata dai a birni take. Sannan ya ce in kawo masa tsohon, lokacin farauta ya buɗe, zai taimaka mana da takardun izini.

Ranar Asabar muka tafi. Muna barin manyan tituna sai gonaki da shanu da rumbuna, Baba ya manna fuska a gilashin mota yana ta lissafa abin da aka shuka. Ni kuwa allunan zaɓe nake karantawa a ƙofar gidaje, domin babban zaɓe ya matso. Kusan dukkansu na masu cewa baƙi sun yi yawa ne a ƙasar, a rufe ƙofa. Har a ƙofar makaniken akwai ɗaya, babba. Ban fassara wa Baba ba.

Abin da na gani a dajin nan ba zan manta ba. Mutum biyu, babu kalma ɗaya da ta haɗa su, amma suka durƙusa a kan sawu ɗaya, wannan ya nuna da yatsa, wancan ya gyaɗa kai. Baba ya ɗebi ƙasa ya sake ta a iska don ya ga inda take kaɗawa, makaniken ya yi murmushi, ya ce haka kakansa yake yi. Ya ba Baba wani baka mai kunama irin ta bindiga, ya nuna masa yadda ake ɗana shi. Da hantsi wata barewa ta fito bakin gonar makaniken. Na ji Baba ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya saki. Kafin in farga ya riga mu isa wurinta da wuƙa, ya juya ta gabas ya yanka. Da ya miƙe sai na ga tsayinsa ya dawo, tsayin da ban gani ba tun rasuwar Inna.

Makaniken ya ce mu bari ya kai wa mai niƙa nama, a naɗe mana shi a farar takarda kamar na kanti. Baba ya ƙi. Ya feɗe ta da kansa, ya cire hannu guda ya miƙa wa mai ƙasa, kamar yadda ake yi a garinmu. Makaniken ya karɓa da hannu biyu, ya ce in gaya wa tsohon ƙofarsa a buɗe take kowane lokaci. A hanyar dawowa Baba har waƙar maharba ya yi, da muryarsa da ta dishe.

A garinmu maharbi ba ya cin namansa shi kaɗai. Cinya ta maƙwabcin da ya fi kusa ce, kuma ba a cire mata kofato, don mai karɓa ya san abin da aka kawo masa, ya san naman daji ne, an kuma girmama shi. Wanda aka kai wa cinya yakan yi mako yana ba da labari. Na san al'adar nan tun ina yaro, amma shekarun da na yi a nan sun binne mini ita, har ban yi tunanin Baba yana riƙe da ita ba. Washegari Lahadi aka kira ni aiki, na fita na bar naman a firiji.

Ina kan hanyar garin Laurel da kaya 'yata ta kira ni tana kuka. Ita tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa, ranar kuwa Turancin ma da ƙyar na tsinta. Ta ce Kaka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗora cinyar a kan tire, ya rufe da farin ƙyalle, ya tafi gidan maƙwabciya. Ta hango shi ta taga lokacin har ya danna ƙararrawa. Tsohuwar ta buɗe da fara'arta, ta ɗaga ƙyallen, ta ga kofato da sauran gashi a sama da shi. Ta ƙwalla ƙara, ta ture tiren, cinyar ta gangara a kan matakala. Ta zauna a ƙasa tana kuka tana kiran sunan barewarta, domin kwana da kwanaki ba ta ga mai tsagaggen kunnen ba. Baba ya tsaya da hannuwa a buɗe yana cewa, "Naki ne, naki ne, rabonki ne." Mutane suka fito. Wani ya ɗauki hoto. Wani ya kira 'yan sanda, ɗaya ya zo ya duba takardun farautar, ya ga komai daidai ne, ya tafi. Hoton kuwa kafin azahar ya zagaya wayar kowa a unguwar.

Da na dawo na tarar da shi a ɗakinsa, har yanzu da babbar rigar a jikinsa, tiren yana gabansa. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Kai, wanga yaro," ya ce, "mi na yi mata? Ko ƙanƙanta ta yi? Ko a nan ƙirji aka kai ma mata?"

Na ce masa a nan mutane suna cin nama, amma ba sa son su ga ƙafarsa. Ya ce to da can a sama yake tafiya? 'Yata tana tsaye a bakin ƙofa, idonta ya kumbura. Sun saba tsokanar juna, shi yana ce mata amaryarsa mai ƙyuya, ita tana ce masa tsohon da ya ƙi koyon Turanci. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta ce in tambaye shi, barewar garinsu da yake ba ta labari kullum, ina suke yanzu. Na so in kwaɓe ta, amma ya ga fuskarta, ya ce in faɗa masa abin da ta ce. Na faɗa.

"Mun cinye su," ya ce. "Mu munka cinye su, ɗiyata. Mutanen birnin Yamai sun aiko da doka sun ce a bar halbi, munka ce mi 'yan birni sunka sani. Har ta ƙarshe da na gani, ni na halbe ta." Ya share fuska da hannun riga. "Amma su waɗanga sun yi yawa. Ko makaho ya san sun yi yawa."

Na je na ba tsohuwar haƙuri, na yi mata bayanin al'adar, na rantse mata daga nesa aka kawo naman. Ta saurare ni da ladabi, ta ce ta san da zuciya ɗaya ya yi, ta ce in gaishe shi. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Bayan kwana biyu mai tsagaggen kunnen ta dawo da 'ya'yanta, lafiyarta ƙalau, tana cin tuffa. Ban ga abin da dawowar tata ta gyara ba.

An yi taron a zauren wata makaranta. Baba ya ce sai ya je, ya zauna a baya shi kaɗai, mutane suna satar kallonsa. Wani ya yi maganar motarsa da ta lalace, wata ta yi maganar kaska. Wata kuma ta tashi ta ce me zai hana a ba barewar maganin hana haihuwa, aka yi mata tafi. Sai maƙwabciyar ta miƙe. Ba ta ambaci Baba ba, ba ta ma dubi inda yake ba. Ta ce da ta yi niyyar yin shiru, amma a makon nan ta ga da idonta abin da kalmar "ragewa" take nufi, an kawo mata shi har ƙofar gida. Ta ce dabbobin nan sun riga mu zama a wurin, mu muka gina gidaje a kan hanyarsu. Haushi ya cika ni, ya kuma ƙara cika ni da na ga ba duk ƙarya take faɗa ba.

Ni ma na tashi. Na so in gaya musu wace ce Inna, da kakarta, da yadda ake ware iri a ɓoye ko da yunwa ake kwana. Turancina da nake taƙama da shi ya harɗe. Abin da ya fito daga bakina shi ne mahaifina yana da shuka, shukar tana da muhimmanci. Wani saurayi ya ɗaga hannu cikin tausayi, ya ce irin wannan shukar ana sayar da 'ya'yanta a intanet, shi zai saya mana ma in muna so. Na zauna kafin in faɗi abin da zai sa a sake kiran 'yan sanda.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Na ɗaga, na waiga, na ga har wasu da suka yi mini alkawari a ƙofar gidajensu suna duba takalmansu. Aka ce masu adawa, sai hannuwa suka tashi ko'ina. A mota Baba ya tambaye ni.

"Mi sunka ce?"

"Sun ƙi, Baba."

"Cikinsu su nawa ke da gona?"

"Babu ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Ni kuma da ke da gona ba ni da hannun ɗagawa."

Da na gaya wa makaniken, bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce in kawo tsohon baɗi ya shuka a ƙasarsa, zai yi masa shingen da ya fi mutum tsayi, ba mai cewa uffan. Na yi masa godiya, na tuna allon da ke ƙofar gidansa. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yau. Waɗanda ƙuri'arsu take cewa mu zauna a ƙasar, sun zaɓi barewa a kan gonar mahaifina, kuma da tausayi suka yi. Wanda ya fahimci gonar tun kafin in gama magana, ƙuri'arsa tana cewa irinmu sun yi yawa. Ranar babban zaɓe na shiga layi na kaɗa tawa kamar kowa, na fito ba tare da na ji na zaɓi kowa ba.

Baba ya ci gaba da gadi, da hular da maƙwabciyar ta saƙa masa a kansa. Zoɓon ya fito ja wur, 'ya'yan suna ciki suna kumbura, ya ce saura kaɗan. Amma sanyin safiya ya shiga ƙirjinsa, tari ya kwantar da shi, likita ya ce kada ya sake zama a waje. Na karɓi gadin, ni da matata muna canji, sai dai aiki ba ya jiran yakuwa. Wata safiya dole muka fita tare tun kafin rana ta fito. Na kunna rediyo na ajiye a tsakanin kunyoyin, na ƙure murya, na tafi ina waiwaye.

Baba ya ce mini daga baya ya ji shigowar barewar, ya taso ya tsaya a gaban gilashi. Ya buga gilashin da sanda, suka ɗago suka dube shi, suka ci gaba. Mai tsagaggen kunnen ce a gaba. Ƙafafunsa ba su iya kai shi waje ba, ya tsaya yana kallo har suka gama. Da na dawo na same shi a durƙushe a kan kunya, ba takalmi, yana tsintar 'yan ƙwayoyin da suka faɗi. Ya shanya su a kan taga. Da suka bushe ya fasa, 'ya'yan farare ne, ba su ƙosa ba, yana matsawa suna murƙushewa. Duk da haka da bazara ya zuba su a kofi da ƙasa, ya yi ta ba su ruwa, ba abin da ya fito.

Ciyawa ta rufe kunyoyin. Mutumin kwamiti ya wuce wata rana ya ce bayan gidanmu ya yi kyau bana. Maƙwabciyar tana ɗago wa Baba hannu daga nesa, shi ma yana ɗaga mata, amma ba su sake tsayawa a bakin shinge ba. Da Babbar Salla ta zo muka yanka rago a wata gona, ya zauna ya kasa naman kamar yadda ya saba, ya ware nata gefe guda. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce wa matata ta sa a firiji. Ya koma kujerarsa ta gaban gilashi, inda ya fara.

A makon ne nake kwance kejin wayar, domin kwamiti ya ce tun da ba a amfani da shi a cire. Ƙusoshi suka taru a hannuna, ina neman inda zan zuba. Baba ya buɗe ƙofar gilashin, ya miƙo mini gwangwanin madarar.

"Ungo," ya ce. "Zuba a nan."

Na karɓa na girgiza shi kusa da kunnena, ko da yake na san abin da zan ji. Na ce masa zan nemi wani abin. Ya ce in zuba kawai, gwangwani ne.